Yadda Na Shigar da Oga Terkura Garwa a Ɓoye

Tun ranar da na dawo daga Kamaru ban sha ruwa da daɗi a unguwar nan ba. In na fita sayen burodi, sai an tare ni: "Malam Bulus, yaya Garwa?" In na shiga coci, mai raba littafin waƙa ba ya sakin littafin sai na gutsura masa labari. Ranar Talata wani mai keke ya wuce da ni har Sabon Tasha, alhali Romi na ce masa, wai don kada labarin ya yanke a tsakiya. Bakina ya gaji. Shi ya sa na rufe shagon gyaran firjina da ke Barnawa na yini guda, na zauna na rubuta. Masu cewa ina ƙara wa magana gishiri kuwa, su kwantar da hankalinsu, wannan karon rabin cokali kawai na sa.

Sai na fara da dalilin tafiyar, don ba yawon buɗe ido ya kai ni ba.

Mu uku ne tun zamanin masaƙa a Kakuri: ni, da Alhaji Sule mai yadi na Unguwar Mu'azu, da Oga Terkura, mutumin Tibi daga Binuwai, wanda shi ne shugabanmu a ɓangaren rini. Masaƙa ta mutu, amma sunan Oga bai mutu ba. Kowace yamma muna gindin mangwaron layinmu a Romi muna buga dara, Alhaji kuma yakan hayo babur ya same mu Asabar da Lahadi. Duk wanda ya san Oga Terkura ya san dariyarsa. In ya yi ta a Romi, karnukan Gonin Gora sai sun amsa. Akwai matar da ta taɓa rantse mini cewa dariyarsa ce ta sa ta haihu kwana biyar kafin lokaci.

Daminar bara matarsa, Maman Dooshima, ta rasu. Daga ranar da muka dawo daga jana'iza mutumin nan ya mutu a tsaye. Ba ya fitowa majalisa. Matata Saratu ta kai masa abinci, ya yi loma biyu ya rufe kwano. Wandonsa ya koma sai da igiya. Wata takwas ba wanda ya ga haƙorinsa.

'Yarsa Dooshima, nas ce a Abuja, ta zo ta gan shi, ta same ni a shago idonta jawur.

"Baba Bulus, Asabar ɗin ƙarshen wata zan zo da mota. Zan kulle gidan nan in tafi da shi."

"Ki kai shi ina, 'yata?"

"Wurina. Bene hawa na uku."

Na san benen nan. Ba maƙwabci, ba benci, sai talabijin da ƙofar ƙarfe, ita kuma tana asibiti daga safe har dare. Na san in Oga ya hau can, ba zai sauko da ƙafarsa ba. Na ce ta ba ni zuwa ƙarshen watan. Na buga ƙirji na ce ni Bulus, wanda ya taɓa sa fasto dariya a tsakiyar wa'azin azumi, zan dawo mata da ubanta. Ta ce, "In na zo na same shi haka, ba na son roƙo."

Ana cikin haka sai ga katin biki. Kabiru ɗan Alhaji Sule ya je saro atamfa Garwa, ya saro matar aure. Alhaji da danginsa suka yi gaba da kwana biyu. Na je na ce wa Oga, "Shirya, za mu Kamaru." Ya ce, "Duk yadda ka ce." Wannan amsa ta fi komai tsorata ni. Mutumin da in ka ce masa yau Laraba sai ya nemi shaida.

Saratu ce ta jefa mini tsoro a ciki. Tana ninke mini kaya ta ce, "Baban Grace, ka san inda za ka kai shi kuwa? Gidan Fulani ne fa. Ka manta abin da ake yi a Binuwai?" Ban manta ba. Ƙauyen su Oga kansa an binne mutane saboda rikicin gona da kiwo. Na yi ta juya maganar, sai dabara ta zo mini, irin dabarar da ba ta zuwa wa kowa sai ni.

"Oga," na ce masa a tasha, "daga yau kai Bajju ne kamar ni. Mutumin Zonkwa. Sunanka Yakubu."

"Duk yadda ka ce."

A kafaɗarsa akwai zanen nan na Tibi mai ratsin baƙi da fari, na marigayiya ne, ba ya rabuwa da shi. Wannan zane ko makaho ya shafa ya san na wace ƙabila ne. Na karɓa na cusa shi can ƙasan jaka, na danne da takalmana.

Na zo da shiri. A bayan tsohuwar kalanda na rubuta barkwanci talatin da biyu, na jera su daga mai sauƙi zuwa mai kisa. Muna wuce Kujama na saki na farko. Kafin Kachia motar ta zama gidan biki. Wata mata mai kwandon kaji a cinya ta yi dariya har zakara ɗaya ya samu hanya ya hau kan wani ɗan sanda da ke tafiya hutu. A na goma sha ɗaya direba ya gangara gefen titi ya kashe mota, ya ce ko in yi shiru ko in karɓi tuƙin, don hawaye sun hana shi ganin hanya. Na waiwaya wurin wanda ake yi dominsa. Yana kallon taga. Ya ce, "Mun iso ne?"

A Zonkwa aka tsaya shan mai, nan na fara ganin ramin dabarata. Wata mai sayar da gyaɗa ta gane ni, ta zo tana gaishe ni da yarenmu. Don in gwada shirin na ce mata ga ɗan'uwanmu Yakubu. Ta juya kansa ta zuba masa gaisuwa mai tsawon mita goma, ta tambayi gidansu, da unguwarsu, da sunan kakansa. Oga ya dube ta kamar an kunna masa rediyon China. Na ce mata haƙori ke damunsa. Ta ce ai tana da magani, ta ruga gida. Allah ya taimake ni direba ya tashi mota kafin ta dawo.

Jos ta karɓe mu da sanyin da ya sa na tuna duk zunubaina. A Bauchi na sayi masa mai zafi guda goma, Oga ya ci rabin ɗaya, ni kuma don kada a yi asara na raka sauran. A Gombe na saki barkwanci na ashirin da biyar, wanda na ajiye don gaggawa. Wani malami a kujerar baya ya ƙware da ruwa, sai da aka bubbuga masa baya. Oga ya ce, "Bulus, ba ka gajiya?"

Da magariba muka shiga Yola, muka kama ɗaki kusa da tasha. Mai masaukin ya ce ɗakin na da fanka, kuma bai yi ƙarya ba, akwai ta. Tana juyawa a hankali kamar mai neman gafara, har ƙuda na hawa kanta ya huta. Zafin Yola kuwa, ku da kuke kukan zafin Kaduna ku je ku nemi yafiya. Na sa ruwa a bokiti don wanka, kafin in nemo soso ya isa haɗa shayi.

Washegari muka hau wata mota zuwa Gurin, bakin iyaka. Aka buga mana hatimi lafiya lau, aka nuna mana kogin Faro, aka ce ga Kamaru can tsallake. Mai kwalekwale ya dube ni sama da ƙasa, ya dubi jirginsa, ya yi wata magana da Fulatanci da ta sa duk bakin kogin dariya. Aka zaunar da ni a gefe ɗaya, aka ɗora babur da buhun masara biyu a ɗaya gefen, sannan jirgin ya daidaita. Duk da haka ruwa ya riƙa shigowa ta ƙasa. Jakarmu na zaune a ciki, ni kuwa ina riƙe da gefen jirgi ina karanta Zabura, ban kula ba.

A tsallake akwai rumfa, da jandarma, wato ɗan sandan can, da wata ma'aikaciyar lafiya mai jin Hausa. Ta ce katin rigakafi. Oga ya miƙa nasa, 'yarsa nas ce, komai nasa a shirye. Ni ma na zaro nawa da isa, ruwan ɗorawa, kamar yadda aka ce. Ta buɗe. Ta dube ni. Ta sake duba katin. Ta kira jandarman, shi ma ya duba.

"Kai ne Grace?"

"'Yata ce. Me ya faru?"

"An rubuta nan wata tara gare ka, nauyinka kilo takwas. Kuma ba a yi maka allurar ƙyanda ba."

Ashe tsohon katin asibitin autarmu na ɗauko a durowar Saratu. Jandarman ya riƙe ciki ya shiga bayan rumfa. Aka ce ba shiga sai da allura. Jama'a, ni mutum ne da wutar lantarki ta ja sau huɗu ban yi kuka ba, amma allura daban ce. Ihun da na yi, masu kwalekwale a ɓangaren Najeriya sun ɗauka kada ne ya kama wani. Ina cikin ihun na saci kallon Oga. Gefen bakinsa ya ɗan motsa, kamar wutar da aka kawo aka ɗauke nan take. Shi ke nan. Na sha allura a banza.

Mutanen can suna da halaye. Na farko, musabaha. In mutum ya shigo mota sai ya ba kowa hannu, har wanda ke barci sai an tashe shi. Mu a Kaduna in baƙo ya miƙo maka hannu a mota, aljihunka za ka fara dafewa. Na biyu, burodinsu. Dogo ne kamar sandar makiyayi, ba leda, a hammata ake saƙale shi a hau babur. Na ciza sau ɗaya na ji dasashina na neman lauya. Na uku, da rana ta take sai gari ya kwanta. Mai shago ya ga kana miƙo kuɗi, ya ce ka dawo in ya tashi. A Kasuwar Barci ma ba a barci irin wannan.

Dab da shiga Garwa muka hau wata doguwar gada. Direba ya ce kogin Binuwai ke nan. Oga ya miƙe zaune, karo na farko tun Kaduna.

"Ruwan nan ta Makurɗi yake bi," ya ce. "A bakinsa na fara ganinta, tana wankin..."

Na taka masa ƙafa. "Yakubu," na ce da ƙarfi, "mu mutanen Zonkwa ina ruwanmu da kogi?" Ya koma ya jingina. Har yau in na tuna wannan taka ƙafar sai in ji kunya. Wata takwas ana jira ya ambace ta, ya buɗe baki, ni kuma na rufe masa.

Gidan su amarya babban gida ne, aka ba mu ɗaki a tsakar gidan waje. Aka kawo tuwo da miyar yakuwa da kifi, kifin da kansa kaɗai ya kai fuskata faɗi. Oga ya yi lomarsa biyu. Alhaji Sule ya shigo ya ja ni gefe, fuskarsa ba daɗi.

"Malam Bulus, mutanen nan ban gane musu ba. Kwana biyu ke nan. A gaisa, a yi shiru. A sake gaisawa, a sake yin shiru. Uban yarinyar bai taɓa kallon idona ba. Anya suna son auren nan?"

Na ce kunya ce ta Fulani. Amma da na zauna da su da kaina, na ga abin ya wuce yadda na zata. Mutum ashirin a kan tabarma, kana jin ƙarar agogon hannun na ƙarshe. Na gwada barkwanci na talatin. Uban amarya, wani dogon dattijo mai farin rawani, ya ce, "Madalla." Na naɗe kalandata.

Ranar ɗaurin aure da safe ina wanke baki a bakin rariya, sai na ɗaga kai na ga abin da ya sa buroshi ya faɗi daga hannuna. Zanen nan mai ratsin baƙi da fari, shanye a kan igiya, a tsakiyar gidan Fulani, yana kaɗawa kamar tuta. Ruwan kwalekwale ya jiƙa ƙasan jakar, inda ni da kaina na cusa shi, Oga kuma ya ga zanen matarsa zai yi fumfuna ya fito da shi.

Kafin in kai ga igiyar an riga ni. Wata tsohuwa ce, ƙanƙanuwa, ta rankwafa a kan sanda, ta kama bakin zanen tana murzawa. Daga baya na ji sunanta Dada Asta, kakar amarya, uwar mai farin rawani. Mata suka daina daka. Samari huɗu da ke shimfiɗa tabarmi suka tsaya.

"Na wane ne wannan?" Hausarta tas, irin ta wanda ya zauna a Najeriya.

"Nawa ne, Dada," na ce. "A gwanjo na saya."

Ta matso ta leƙa fuskata daga ƙasa, ta yi mini wata magana da wani yare. Ban san ko tambaya ce ko addu'a ba. Na ce, "Amin."

"Na tambaye ka ko ka tashi lafiya, ka ce amin. Kai mai tumbi, matsa. Ina mai zanen?"

Sai na ji murya a bayana ta amsa mata da yaren nan. Oga Terkura ne a bakin ƙofa, da singileti. Ya ƙara da Hausa, "Nawa ne. Ni Tibi ne. Sunana Terkura."

Tsohuwa ta buga sanda a ƙasa. "Ku rufe ƙofar gida! An kama shi! Shekara da shekaru ina neman mutanen nan. Kakana ya ba kakansa ajiyar shanu, ya tafi ya dawo, ya tarar da ƙaho da kofato. Yau ba a ɗaura auren kowa sai an fito mini da shanuna!"

Ban san lokacin da gwiwoyina suka kai ƙasa ba. "Dada, ki dubi girman Allah! Mutumin nan dattijon coci ne. A masaƙa ya yi aiki, zare kawai ya sani. Ko akuya bai taɓa kora ba. Likita ma ya hana shi jan nama! In shanu ne, ni zan..."

A nan sai in tsaya in kare kaina kaɗan. Na san akwai wasa tsakanin Tibi da Fulani, kamar yadda kowa ya sani. A masaƙa na sha jin ana yi. Amma na ɗauka an binne wasan nan tare da mutanen da aka binne. Shekara nawa rabon da in ji wani ya yi shi? Da na ga sanda, na ga samari, na ji an ce a rufe ƙofa, wasa bai zo mini a rai ba ko kaɗan.

Oga ya tako a hankali ya wuce ni, ya tsaya gaban tsohuwar. Ya daɗe yana kallonta.

"Shanun nan," ya ce, "guda nawa ne ma?"

"Ɗari!"

"Ƙarya ne, Dada. Goma sha biyu ne, kuma duk ƙashi. Sai da kakana ya ƙara da gafiya kafin miyar ta yi daɗi."

Tsohuwa ta saki wata ƙara, ta jefar da sandar, ta dafa cinya. Haƙora biyu gare ta, duka biyun na gani. "Kun ji shi! Ya ci, ya kuma raina! Ɓarawo ɗan ɓarawo!"

"Taimakonku muka yi. Da mun bar muku su, da yanzu kina daji kina bin wutsiya. Ga ki a gidan siminti, har da firji. Godiya ya kamata ki yi mini."

"Godiya? Dube shi, wuya kamar na zalɓe! Doyar ta ƙare ne a ƙasarku, ko ɓerayen ne suka yi ƙaura?"

Sai abin ya taso. Da farko kamar janareton da ya shekara ba a tayar ba: ya yi tari, ya tsaya, ya sake tari. Sannan ya kama. Dariyar Oga Terkura, cikakkiya, ta Romi. Tantabarun gidan suka tashi gaba ɗaya. Wani jariri ya farka ya fasa kuka don mamaki. Matan da ke daka suka zube a kan turame. Mai farin rawani, wanda ya fito ya ga me ke faruwa, ya yi ta ƙoƙarin riƙe fuskarsa, ya kasa, ya kama kafaɗar Alhaji Sule don kada ya faɗi, rawanin ya warware har ƙasa. Ni kuwa ina nan a durƙushe, ba wanda ya tuna da ni. Sai da samari biyu suka kama ni suka ɗaga, su ma don suna son shimfiɗa tabarma a wurin.

Dada ta yanke hukunci: tunda ya saba, a kawo masa nama. Aka dire masa tire guda na soyayyen naman sa da ƙwaryar kindirmo, ta zauna a gabansa da sandarta ta ce in ya rage ko tsoka ɗaya ba a ɗaura aure. Ina kallo mutumin loma biyu ya share tiren nan, yana ci yana cewa wannan ma ba ta kai ta kakanta daɗi ba. Ko tayi bai yi mini ba.

Aka ɗaura aure cikin raha. Alhaji Sule da surukinsa, waɗanda suka kwana biyu suna gaisuwa, suka zauna gwiwa da gwiwa suna ba juna labarin yadda na ce amin. Kowane baƙo ya shigo sai an sake ba shi, ana nuna ni da yatsa.

Da la'asar na same su su biyu a inuwa, Oga da Dada, zanen na kan cinyarta.

"Na matarka ne?"

"Nata ne. Ta rasu bara."

"Da me ka kashe ta? Dakan sakwara ko?"

A Romi wata takwas muna tafiya a kan yatsu a gabansa, ko sunanta ba ma kamawa.

"Da surutu, Dada," in ji Oga. "Shekara talatin da huɗu ina yi mata surutu." Yana dariya ruwa na bin kumatunsa, bai share ba. Ya ba ta labarin wankin bakin kogi, wanda na hana shi ƙarasawa a kan gada. Ya gaya mata yadda marigayiya ke ɓoye masa nama a ƙarƙashin sakwara don kada yara su gani, da yadda in sun yi faɗa take yi masa waƙar coci da ƙarfi, tana zaɓen baitin da ya shafi masu taurin kai.

Dada ma ta ba shi nata. A kusa da Katsina-Ala ta yi ƙuruciyar aurenta. Maƙwabciyarta wata Tibi ce mai irin wannan zane, kullum sai sun zagi juna a hanyar rafi, kuma ita ce ta yi mata wata guda tana ɗebo mata ruwa lokacin da ta haifi mai farin rawani. Da ƙasa ta ɓaci suka taso ba shiri, ko sallama ba su yi ba. "Ban san ko tana da rai ba," ta ce. Ta shafa zanen. "Muguwar mata. Ta iya miya."

Mai rawani ya gaya mini a gefe cewa rabon da uwarsa ta fito tsakar gida tun kafin azumi. Kowa durƙusa mata yake yi, kowa "Allah ya ja kwana" yake ce mata, ba mai tsokanarta. "Yau ta ci abinci sau biyu," ya ce.

Na zauna na yi tunanin kalandata. Ni tun daga Kujama nake ɗura wa Oga barkwanci kamar mai ba mara lafiya magani, yana kwance ina tsaye a kansa. Tsohuwar nan ba ta san ma ba shi da lafiya ba. Ta jefo masa abu ne da dole ya mayar, ya mayar, ta sake jefowa.

Dawowa ba ta da labari mai yawa, sai dai na yi da-na-sanin warkewarsa tun kafin Gombe. Ya yi gardama da mai kwalekwale, ya yi da direba a kan hanyar da ta fi kusa, ya cinye mini masa a Bauchi, ya kuma ba duk motar labarin Grace mai kilo takwas, sau biyu.

Asabar ɗin ƙarshen wata Dooshima ta iso da mota, da akwatuna biyu babu komai a ciki. Ta tarar da gida a rufe, ta zo majalisa ta same shi yana satar mini ɗan dara. Nas ce, ba ta yarda da ido. Ta fito da abin awon jini ta naɗa masa a hannu ta ce kowa ya yi shiru.

Daidai nan wata mai tallan nono ta biyo layin da ƙwarya a ka. Shekara uku tana wucewa ta gabanmu, idonta a ƙasa, ba ta tallata mana, mu ma ba ma kiranta. Ba faɗa aka yi ba, haka dai zamani ya mai da mu.

"Ke 'yar Fulani!" in ji Oga. "In kin koma ki gaya wa babanki shanunsa sun yi daɗi!"

Alhaji Sule ya ajiye ɗan darar da ke hannunsa. Matar ta tsaya, ta juyo a hankali da ƙwaryar a kanta, ta dube shi.

"Baba, kai Tibi ne?"

"Har ɓargo."

Ta sauke ƙwaryar a ƙarshen bencinmu. "Shi ya sa! Kullum na bi ta layin nan sai in ga nonona ya ragu."

Benci ya girgiza. Abin awon ya yi ƙara ya nuna shirme. Dooshima ta sake naɗawa. "Baba, ka tsaya cik mana!"

"Ki gaya mata ita! Ke, zuba wa 'yata fura, ki sa hannu da kyau, Abuja ta ramar da ita."

Sau uku tana gwadawa, sau uku mai nono na faɗin wata magana yana ɓata awon. A na huɗu ta kwance abin, ta naɗe shi, ta mayar jaka. Ta karɓi furar ta zauna a tsakaninmu, tana sha tana kallon ubanta, yana rantse wa mai nono cewa farar saniyar ce ta fi taurin nama.

Na matsa kusa na ce a hankali, "'Yata, a kawo akwatunan?"

Ta share ido da bayan hannu. "Haba, Baba Bulus. Wa zai iya zama da wannan a bene? Maƙwabta ƙarata za su kai."